Injin da Muka Ɓoye a Rufewa

Har yau in na ji ƙaramin janareta yana tari a bayan katangar wani, sai na tsaya na saurara, ko da tuwo nake tuƙawa. Jikokina suna yi mini tsiya, wai na fi makanikai sanin ciwon inji. Ni ban san komai a kan inji ba. Murya ɗaya na sani, ta injin da ya zauna a gidanmu a Bodinga, a shekarar da idon maigidana yake tafiya muna ta ɗora wa ƙarfe laifi.

Maigidana ɗinkin hannu yake yi, na manyan riguna. In kana son ganin ɓacin ransa to ka kira shi tela. Shi da allura da zare ne kawai, sai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba, don ni ko maɓalli na ɗinka sai na yi tsaki. Zamanin farar hula kasuwarsa ta buɗe. Ɗan siyasa yana son riga mai aska takwas, mai bin ɗan siyasa yana so, mai riƙe wa mai bin ɗan siyasa jaka shi ma yana so. Rana ta daina isarsa. Da safe yana ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, in an yi magariba ya shigo ɗakinsa ya ci gaba da fitilar ƙwai, ita kuwa hayaƙinta ba ya shiri da farar shadda. Shi ya sa wata ranar ya dawo daga Sakkwato da injin wuta a hannu.

Ɗan ƙarami ne, ja, irin masu arhar nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Mutum guda yana ɗaukarsa da hannu ɗaya kamar jarka. Aka ja waya, aka rataye ƙwan lantarki ɗaya a azarar ɗakin ɗinki. Ranar da aka fara kunnawa matan maƙwabta suka cika mini gida, ni kuwa kunya ta kusa kashe ni, domin hasken ya tona duk yanar gizo-gizon da ban san ina kiwo ba. Uwar mijina, wadda kowa yake ce wa Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce wannan haske ba ya da kunya. Maigida ya miƙe don ya gyara wa ƙwan zama, ya kama shi da yatsu, sai ga shi yana yarfe hannu yana salati. Muka yi ta dariya har da shi. Fatar yatsan sai da ta tashi.

Mun ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Daga magariba zuwa bayan lisha yana ɗinki, ina gefe ina tsince shinkafa a hasken da ba nawa ba.

Sai soja suka karɓi mulki, damina kuma ta yi gardama. Masu manyan riguna wasu aka tsare su, wasu suka ninke rigunan suka kai ƙasan adaka. Gero bai yi ba, albasar fadama ma ta yi ƙanana. Rufewarmu, wato rumbun hatsinmu na laka da ke tsakar gida, wadda tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin gindinta ba, sai ga ni a ciki da tsintsiya ina tara ragowar tsaba. A unguwarmu ba a tambayar wa ya ci wa bai ci ba. In la'asar ta yi ba ka ji taɓarya a gida ba, ka san amsa.

Aiki ɗaya ya rage a hannunsa. Wani falken shanu daga Kajiji ya kawo farar shadda, yana son aska takwas da tambari gaba da baya, a gama kafin babbar Sallah. Aikin watanni ne. Da wannan rigar za mu ci, kuma duk wanda ya gan ta a filin idi zai san hannun maigidana yana nan. In ta lalace, a irin wannan shekara babu mai sake kawo masa ko hula.

Wata magariba ya ja igiyar injin a tsakar gida, ya tashi da ƙararsa, sai na ga maigida ya tsaya yana kallon katangar da ta raba mu da maƙwabta. Ranar ba a yi daka a gidan ba. Ya kashe injin ya ce, “Wanga abu bai yi ba. Mutum shi kwana da yunwa, shina jin muna ƙona mai?”

Na ce to a bar kunnawa mana. Ya ce rigar fa? Washegari ya samo dabara. Rufewar tana da 'yar ƙofa a gefe, ga ta kuma fayau babu komai. Ya shigar da injin ciki, ya tayar da shi a can, ya fito da waya, ya rufe ƙofar da faifai ya toshe gefe-gefen da tsohon buhu. Ƙarar ta ɓace daga unguwa. Kowa a gidan ya yaba, har da ni, domin mun ga an rufa wa maƙwabta asiri an rufa mana.

Baƙin mai na gwangwani ya yi wuyar gani a lokacin, sai wanda ake tsiyayewa daga cikin manyan motoci a tasha, baƙi ƙirin da kauri. Kowa shi yake sa wa, ba mu kaɗai ba. Maigida kuma mutum ne mai sakin hannu, in zai zuba sai ya ƙara, wai inji ma ya ji maiƙo.

Ƙarar ba ta tafi ko'ina ba, ƙasa ta shige. A waje ba ka jin komai, amma in kana tsaye a tsakar gida sai ka ji ta a tafin ƙafa, wani gurnani mai nauyi da ke fitowa daga cikin laka. Kwanon da aka kife kusa da rufewar sai ya riƙa rawa shi kaɗai. Yaran gida da suke ɓuya a bayanta in suna wasa suka daina, ba tare da an hana su ba.

Sannu a hankali hasken ya fara sauyawa. Daga fari ya koma rawaya, daga rawaya ya koma kalar ruwan shayi. Daga baya ya fara numfashi. In gurnanin ya ɗaga sai ƙwan ya ɗan buɗe, in ya sauka sai ya lumshe, inuwar maigida a bango tana kumbura tana saɓewa alhali shi ko motsi bai yi ba. Na kan zauna da faifan shinkafa a cinya na kasa tsincewa, ina kallon bangon.

Akwai wata kazata mai wake-wake da take kwanciya a ƙarƙashin rufewar. Wata safiya na same ta a kife a kan ƙwayayenta, babu rauni babu jini, idonta a buɗe. Bayan ita sai ɓeraye, a kwance a bakin 'yar ƙofar kamar an jera su. Sai ƙadangaru. Ni nake sharewa kafin yara su tashi.

Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, “Ke, ruhewa ba ta zama wohi. Ko zangarniya guda ce a kan bari ciki. Kun share ta ƙaf, wani ya samu ɗaki. Bai iske hatsi ba, shi ya sa shika shan wutag ga.”

Da rana na yi dariyar maganar. Amma abin da ya hana ni dariya da yamma shi ne, injin ya fara ƙin mutuwa. Maigida zai buɗe 'yar ƙofar, hayaƙi ya bugo shi, ya miƙa hannu ya kashe, amma abin ya ci gaba da kansa. Ya yi tari, ya yi shiru, ka ce ya ƙare, sai ya sake jan wani dogon numfashi, ƙwan ɗaki ya yi ja ya koma. Da idona na gani ba sau ɗaya ba. Inna ta sa aka yi rubutu aka yayyafa wa rufewar, ta turara ta da habbatus sauda. Ban hana ta ba, ni ma na riƙa yin bisimilla in zan wuce ta wurin.

A ɗakin ɗinki kuwa waya tana ta ƙara tsawo. Da farko ƙwan yana can jikin azara. Maigida ya kwance ƙulli ɗaya ya sauko da shi daidai tsayin mutum. Bayan kwanaki ya dawo saman kansa in yana zaune. Daga nan ya sauko gaban goshinsa. Ƙarshe da hannun hagu yake riƙe shi, yana bin zare da shi a kan shadda, domin ƙwan ya daina zafi, sai ɗan ɗumi kamar wanda kaza ta saka yanzu.

“Wutag ga ta rage,” haka yake cewa kullum. “Zo sa min zare ga allura.”

Mutumin da yake zura zare yana hira bai kalli allurar ba, yau ni nake zura masa. Na kan karɓa na sa, na ce ai kuwa wutar ta rage. Abin da ya ɗaure ni shi ne gaskiya muke faɗa mu duka biyun. Wutar ta rage, kowa shaida ne. Sai na riƙe wannan gaskiyar da hannu bibbiyu don kada na kalli ɗayar. Na ga ya kai hannu zai ɗauki moɗa ya kama iska a gefenta. Na ga ya taka tabarmar Inna da takalmi, abin da bai taɓa yi ba. Idon nasa kuwa garau, babu yana babu ja, in ya dube ka sai ka rantse har cikinka yake gani. Rigar ma ban taɓa ganinta da kyau ba. Da rana tana ƙofar gida inda ba na fita, da yamma tana cikin wannan ruwan shayin, in ya tashi kuma ya naɗe ta cikin zane ya sa a adaka.

Wata la'asar sakaliya ya shigo da rigar a hammata, ya ce a tayar da inji. Na ce tun yanzu? Ya ce, “Hadari ya ruhe gari, ba a ganin komi waje.”

Na ɗaga kai. Rana tana kan katanga, sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Inna tana bakin ƙofarta tana jan carbi, ta dube ni na dube ta. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na mushen kaza da na gurnanin rufewa. A ranar na aika wa yayana saƙo a Shagari.

Yayana gyaran babura yake yi a bakin hanya, mutum ne mai baki, in yana magana a zaure ana jinsa a masallaci. Ya iso da hantsi da jakar ƙarafunansa, ya gaida Inna, ya tsokani maigida da cewa ya ji an mai da rumbun hatsi gareji. Da aka nuna masa wurin aka ba shi labarin kazar, ya cire faifan ya zura kai, sai ga shi ya fito da baya yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

“Wa yas sa shi nan ciki? La ilaha illallahu! Inji lumhwashi shika yi kamar mutum. Kun ruhe shi ɗaki, abin da yah hitar shi shika shaƙa. Ku gode Allah kaza ta, ba yaro yak kwanta nan ba.”

Ya jawo shi tsakar gida ya shimfiɗa buhu ya fara kwancewa, yana yi yana faɗa. Ya ciro wani soso wanda ya ce ta nan iska take shiga, ya matse shi a gabana, ƙaiƙayi da ƙurar tsohon gero suka fito a cuɗe da mai. Ya ciro fulogi, bakinsa ya toshe da baƙi. Ya kwance salansa, wato tukunyar da hayaƙi yake fita ta cikinta, ya miƙa mini ya ce na ji nauyi. Ya ce duk wannan dauɗar baƙin man tasha ce ta daskare, ƙofar da ya kamata ta ɗauki babban yatsa yanzu ko tsinke da ƙyar. Ya ce ita dauɗar ce take yin garwashi a cikin injin, shi ya sa ko an kashe yake ci gaba da ci shi kaɗai. Sa'annan ya nuna wa maigida wasu zobba sirara da ya kira ringi, ya ce sun cinye, ƙarfin yana zurarewa ta gefensu. Maigida ya karɓa ya shafa su da yatsa yana gyaɗa kai, idonsa yana wani wuri.

Ya ce na hura masa wuta. A murhuna ya jefa salansar ya tula mata itace. Can sai wani hayaƙi mai kauri ya fara tuƙowa daga bakinta, yana murɗewa, da wani siririn fito kamar na mai barci. Inna ta ja da baya tana a'uziyya ta ce, “Ga shi nan shina hita.”

Yayana ya ce, “Inna, in aljani na, to mai shan baƙin mai na.” Da salansar ta huce ya buga ta da ƙasa, baƙin gari ya zubo ya yi tsibi.

Sabon ringi ba ya samuwa a shekarar, na wani mataccen inji ya zo da su. Yana ɗaurawa na tsuguna kusa da shi na tambaye shi a hankali ko wutar za ta dawo kamar da. Ya ce irin waɗannan ƙananan injuna ranar da aka saye su ita ce ranar ƙarfinsu, daga nan sai raguwa ko ana lallashinsu, balle mu da muka shaƙe shi. Amma ya ce zan sha mamaki.

Ya kamata na yi murna. Sai na gane ba na son a gyara injin nan. Muddin yana tari a cikin rufewa, muna da abin da za mu nuna da yatsa.

Da aka dawo daga sallar magariba maigida ya shiga ɗakin ɗinki, ya warware rigar a cinyarsa, ya zauna a wurinsa, ƙwan yana reto a gaban fuskarsa. Ina tsaye a gefen dama, Inna tana bakin ƙofa. A tsakar gida yayana ya ja igiya sau ɗaya, injin ya tashi da tsohuwar muryarsa, mai kaifi, wadda duk unguwa za ta ji.

Hasken ya mare ni, sai da na kare fuska da hannu. Duk tsagar bango ta fito, da yanar gizo-gizo, da furfurar da ban san ta fito masa a gemu ba. Sai na ga rigar. Asaken da ya kamata su sauko a miƙe da tsini sun karkace, wata ta hau kan wata. Tambarin da ke ƙirji, wanda zare yake zagayawa har ya haɗe, bai haɗe ba, ya yi ta zagaye ya fita ya nufi hammata. A wani wurin ya yi ta ɗinki a kan ɗinki har ya yi tudu, a wani wurin fili ne. Maigida kuwa yana zaune, ƙwan bai fi tafin hannu daga idonsa ba, idon a buɗe, ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya karkata kunne wajen tsakar gida ya yi murmushi. Ya ce, “Madalla. Murya ta dawo, saura wutar.”

Yayana ya iso bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma, bakinsa a buɗe zai yi kirarin kansa. Ya dubi ƙwan, ya dubi mijina, ya dube ni. Inna ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

Maigida ya ɗaga hannun hagu kamar yadda ya saba, ya laluba ya kama ƙwan don ya kai shi kan zare. Ya sake shi da sauri. Ƙwan ya yi ta lilo, inuwarmu tana kai da kawowa a bango. Wannan karon bai yarfe hannu ba, bai yi salati da ƙarfi ba, babu kuma wanda ya yi dariya. Ya kai yatsun bakinsa, ya daɗe a haka. Sai ya sake miƙa tafin hannunsa a hankali kusa da ƙwan, bai taɓa ba, yana jin zafin yana dukansa.

Ya ce, “A kashe injin ga. Kar a ɓata mai.”

Yayana ya fita. Injin ya mutu nan take, bai ƙara ko tari ɗaya ba. Ɗakin ya koma duhu, sai ɗan sauran jan magariba da ke shigowa ta ƙofa. Na ji yana shafa rigar a cinyarsa.

Ya kira ni, ya juya gefen hagu inda ba na nan, ya ce, “Kin gane ta da kyau. Hwaɗa min gaskiya, daga ina ta hwara karkacewa?”

Na zagayo na durƙusa a gabansa. Na so na kai yatsansa kan tambari, aikin kwanakin nan, na ce ai daga nan ne, laifin wuta ne. Amma mutumin da ya yi shekaru yana bin zare da yatsa ba a yi masa ƙarya a kan ɗinkinsa. Na kama yatsan da ya ƙone, na bi da shi sama, na wuce tambari, na wuce asaken duka, na ajiye shi a wuyan riga, inda ya soma aikin tun injin yana tsakar gida da haskensa fari tas.